Mu da Soro: Sai Ya Yi Kore Muke Neman Tsani

A duk faɗin Dogon Kiriya babu magidancin da zai rantse bai san lokacin gyaran soro ba. Tare yaro mai kiwon awaki ka tambaye shi, zai ce maka bazara ce, kafin hadarin farko, lokacin da ƙasa ke bushe, rana na ƙuna, yaɓe na kamawa kafin ka wanke hannu. Haka mutanen Sukukutan suka sani, haka na Matankari, haka na Kore Mai Ruwa da Tibiri. Wajen sani dai Arewa ba a bar mu a baya ba. Wajen hawa ne ake jin kanmu.

Muna da hujja kuwa, kuma kowane lokaci da tasa. Da kaka ana girbi, ana ɗaurin dami, ana kai amare, wa zai bar kalangu ya tafi kwaɓa laka? Da ɗari sanyi ya hana, ga shi ƙartin gida duk sun bi motar Dogon Dutsi, wasu Kwatano, wasu Abijan, wasu Legas, an bar tsofaffi da ƴan jikoki. Da bazara, lokacin da aikin ya dace, tabki ya ƙafe, ruwa sai rijiya da famfo. In kai namiji ne, je ka gaya wa wadda ta yini layi da jarka cewa ruwan da ta kawo ƙasa za ka shayar. Kafin a gama wannan shawara an shiga sharar gona, watan bakwai na manoma ya kama, ruwa ya sauka, kowa ya ɗauki iri ya yi daji. Daga shuka sai noman fari, daga noman fari sai maimai. Soro na nan yana jira, bai ce komai ba.

Sai marka ta kankama cikin Agusta yake magana, kuma cikin dare. Uwargida ce ke fara ji, don ɗigon farko bai taɓa sauka kan gadon maigida ba, kayan ɗakinta yake nufa.

"Malam, tashi. Ɗakinka na kira."

"Wanga ba yoyo ba ne, iska ce ta koro shi ta taga."

"To, iskar ta cika tasa guda, miƙo min roba."

Kafin asuba an jera tasa, an jera kwano, an jera tukunyar miya, har da butar alwala. Yara sun koma lungun da ya bushe sun cure wuri guda, buhun gero ya hau turmi. Maigida na riƙe da fitila yana haska azara yana girgiza kai, yana cewa ai dama bana ya yi niyya.

Gari na wayewa sai neman tsani. Unguwa guda tsani guda ne, kuma bai taɓa kwana gidan mai shi ba. An are shi bara za a ɗaura eriya, daga can ya wuce gidan mai tattabaru, daga can wani ya ce ya gan shi jingine bayan masallaci. In an samo shi, matakala biyu sun cire, an ɗaure ɗaya da tsumma. Kafin a taka kuma sai an aika yaro maƙwabta ya yi sallama ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Wannan ladabi dai ba mu yar da shi ba, ko da ɗaki na zuba. Illarsa guda: unguwa duka ta san yau wane ne ruwa ya kama.

Wanda bai hau soro cikin marka ba bai san abin da yake kwana ƙarƙashinsa ba. Ga tsohuwar tayar keke, ga ƙafar gado, ga takalmin da aka nema tun sallar bara. Ga ragowar harawa da aka jibge da kaka ta ruɓe ta yi baƙi. Inda aka shanya kuɓewa da yakuwa, ƴaƴan da suka zube sun tsiro sun kai gwiwa. Gero ya fito a gindin rawani, ƙarangiya ta fito, tafasa ta yi ganye shar, abin da a gona ma ba ta yi ba. A tsakiyar soron kuma, inda azara ta ɗan lotsa, akwai wani kwari da ruwa ya kwanta, gefensa ya yi kore, ya yi santsi, in ka dangwala yatsa sai ya nutse. Gansakuka ke nan ta shimfiɗa tabarma. Ka bi ta da ido za ta kai ka har bakin indararo, can za ka tarar da ganyen dogon yaro da leda da sheƙar tsuntsu sun toshe hanya tam.

Daga nan magana ta koma majalisa, gindin bishiya bayan la'asar, inda kowa gwani ne a kan soron wani. Mai shayi ya ce gansakuka ce ke cin soro. Wani ya ce a'a, tsuntsaye ke kawo ta a ƙafa. Wani tsoho ya ce ruwan yanzu ne ba albarka, na da ba ya haka. Malamin lakwal, wanda ba ya barin irin wannan ta wuce, ya gyara zama ya ce gansakuka ba ta da saiwa irin ta ciyawa, ba ta da iri irin na gero. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, iska ke yawo da su ko'ina, kuma abu biyu kawai suke nema: laima da inuwa. Shi ya sa ake ganinta a gindin randa, da bakin rijiya, da makewayi, ba a ganinta a kan tudun da rana ke duka. Da rani ta bushe ta yi baƙi ta kwanta, ruwa na taɓa ta ta farfaɗo. Ya ce laifinta shi ne tana riƙe laima, ta hana wurin bushewa, amma ba ita ta kawo ruwan ba, samunsa ta yi kwance. Mai huda soro ita ce ciyawa, don saiwarta ke bin laka ta yi wa ruwa hanya har azara.

Ya kuma yi mana lissafin da ya sa majalisa ta yi tsit. Ruwan sama na milimita 1 lita guda ce a kan kowace murabba'in mita. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, abin da muka saba gani cikin Agusta, lita 600 ta sauka a kansa, ganga uku cur. Duk wannan ta indararo ɗaya za ta fita. In ya toshe, ina za ta? Ƙasar da ke kan ɗakin kuwa, in kaurinta ya kai santimita 20, ta kusa tan 4 tun tana bushe, balle ta sha ruwa. Wani ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce shi daga yau a zaure zai kwana. Aka tuna masa zauren ma soro ne.

Wajen magani mun rabu ɗariƙa-ɗariƙa. Akwai ƴan ƙara ƙasa. Su kowace shekara sai sun hau da kwando sun zuba sabuwa a kan tsohuwa, ba sa kankare komai. Shekara goma soro ya yi kauri, azara ta gaji ta ƙara lotsawa, kwarin ya ƙara zurfi, ruwa ya ƙara samun wurin kwana, su kuma su ƙara ƙasa. Akwai ƴan leda, waɗanda ke shimfiɗa baƙar leda su danne da tubali. In an bar ta a fili rana ta cinye ta kafin damina ta biyu. In an binne ta cikin laka ta fi daɗewa, amma ranar da ta huje ruwan da ya shiga ba ya fita, sai ya zauna tsakaninta da itace yana aiki a ɓoye, gara na taya shi. Akwai ƴan siminti, masu shafe soro fes har maƙwabta su zo kallo. Siminti da laka ba sa tafiya tare: laka na kumbura ta motse, siminti ba ya bin ta, sai ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya shige ƙarƙashi, wata rana a ga ɓawo guda ya ɓanɓaro. Akwai ƴan baƙin mai da kwalta, masu cuɗa yaɓe da man da aka juye daga inji. Yana kore ruwa, ba a musu, sai dai ɗakin ya yi mako yana warin gareji, kuma ba a shanya abin miya a kansa.

Sai manyan ɗariƙa, ƴan kwano. Duk wanda cin rani ya karɓe shi, alamar farko ita ce ya yaye soro ya buga tol, wato kwano. Shi kam ya rabu da gansakuka, don tutiyar da aka shafe kwanon da ita ba ta barin kore ya kama, ga zafi, ga gangare. Amma ya sayi wasu baƙin: tsatsa a bakin ƙusa, zafin Afrilu da ke korar mutum waje da tsakar rana, ƙarar ruwan da ba ka jin mai yi maka sallama, da guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas ta naɗe rufin ta kai gonar wani. Shi ya sa za ka ga an buga kwano sabo fil, an kuma jera masa duwatsu da tubali a kai. Da bazara kuma mai kwanon ne za ka gani ya ɗauko tabarma ya zo hira ɗakin soron da ya raina.

Tsohon maginin unguwarmu ba ya shiga gardamar nan sai an ja shi. In an ja shi kuwa, maganarsa ba ta canzawa. "Ku dai ba ku son hawa. Duk dabarar da kunka kawo, ta gudun hawa ce. Soro ba ya son wayo, gangare shika so." A wurinsa aikin a fili yake. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa a zubar kafin a sa sabuwa. A duba azara daga ciki, wadda ta lotsa a tokare ta ko a canza. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi ko dandaƙaƙƙiyar ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, kada a kwaɓa yau a shafa yau. A cike kwari, a fitar da gangare tun daga bango zuwa bakin indararo, a daddaɓe sosai. Indararo ya zama mai faɗi, ya kuma yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Na da da guntun giginya ko gasasshen yumɓu ake yi, na yanzu da kwano ko bututun roba, duk ɗaya ne in an liƙe bakinsa da kyau. Reshen da ya yi wa soro rumfa a sare shi, don shi ke kawo inuwa, shi ke zubo ganye. Bangon gabas, wanda ruwa ke mara, a ba shi yaɓe biyu. In damina ta shiga, bayan kowane babban ruwa a leƙa, ba takalmi, a bi gefen bango, a zare abin da ya toshe, a tsinke ciyawa tun tana ganye biyu. Wadda ta girma ba a fizgar ta cikin marka, don da ƙasa take fitowa ta bar rami. A yanke ta, a cike gurbin in an samu rana. Gansakuka kuma a bar ta ta sha hantsi, a kankare da bakin fartanya, a share da tsintsiya, sannan a tambayi kai me ya sa ruwa ya kwana a nan.

In hira ta yi daɗi yakan ba mu labarin maginan Kano da Zariya, masu shafe soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, da kuma makuba ta ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya ƙi ruwa. Mu nan ba marina ba ɗorawa, sai abin da ƙasarmu ta ba mu. Azarar kirki ma daga kudu take zuwa, wajen Gaya, can ƙarshen Dallol Mawri inda dajin giginya yake, kuma ta namijin giginya ake nema don ta fi tauri, gara ba ta cin ta da sauƙi. Yanzu ba a saran ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, ta yi tsada, sai muka koma dogon yaro da turare, waɗanda ba su da haƙurinta. Itacen ya rage ƙarfi, mu kuma ba mu rage ƙasar da muke ɗora masa ba.

Wani ɗan unguwa da ya yi karatu a Faransa ya taɓa ba majalisa dariyar mako guda. Ya ce can ma gansakuka ta addabe su. Gidajensu da fale-falen gasasshen yumɓu ake rufawa, a jera su suna hawa kan juna bisa gangare, irin jajayen nan da ƴan cin rani ke gani a kan tsoffin gidajen Turawa a bakin teku. Gefen arewa da rana ba ta cika samu ba, da ƙarƙashin itatuwa, nan take kamawa ta yi tudu, ta riƙe ruwa, in sanyin ƙanƙara ya zo ruwan ya daskare ya fasa falen, guntayenta kuma su toshe magudana. Akwai masu sana'ar kankare ta, ana kiran su a waya, su zo da igiya da buroshi, su fesa magani, a biya su kuɗi mai kauri. Wasu na wankewa da injin ruwa mai ƙarfi, shi kuma ya cinye fatar falen, badi ta dawo ta fi da. Wasu na shimfiɗa wayar jan ƙarfe ko sirin tutiya a ƙololuwar rufi, ruwan sama ya riƙa wanko ɗan gubarsa yana hana ta kamawa. Mai shayi ya ajiye buta ya ce, "Ashe Nasara ma sai ya hau?" Maginin ya ce, "Shina hawa, ko ya biya a hau mishi. Ku ne kuka son na banza."

Duk wannan hira, taubashinmu Bafillace mai kawo nono yana gefe yana murmushi. Da ya gaji ya ce shi bai taɓa ganin mutane irin Arawa ba: ku ɗebo ƙasa ku ɗora a kanku da hannunku, tun ba ku mutu ba, sannan ku kwana kuna salati. Shi bukkarsa in ta yi yoyo, matarsa ta ƙara zana, in wurin ya ishe shi ya naɗe ya yi gaba. Aka ce masa wanda dukiyarsa duka ƙafa huɗu gare ta ai ba ya sanin daɗin jingina da bango. Ya ce ya ji, amma dai a biya shi kuɗin nono kafin bangon ya faɗo. Wasan nan tsakaninmu da su ya girmi kowa a majalisar, har UNESCO ta sa irinsa na Nijar cikin gadon duniya a 2014, don haka ba mai fushi, sai dai a rama gobe.

Akwai dai inda dariya ke tsayawa. Daminar 2024 ba ta bar wa kowa abin raha ba. A faɗin Nijar fiye da mutum 300 suka rasu, da yawansu gini ne ya faɗa musu, abin ya shafi sama da mutum miliyan 1, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma mutane na fake a ciki. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin tsintsiya da fartanya, kuma rai na hannun Allah. Amma kowa a nan ya san ɗakunan da suka fara durƙusawa a unguwarsu, ya kuma san tun yaushe indararonsu ya daina zuba.

Ba laifin ƙasa ba ne. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka aka yi ta, ta ga ɗaruruwan damina, kuma itatuwan da suka fito a jikinta matakan masu yaɓe ne: tun ranar gini aka yi shirin hawa. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, shi ma laka ce da hannun mutanen gari. A Jenne ta Mali kuwa yaɓen masallaci biki ne na shekara, gari duka ke fitowa, masu ɗebo ruwa daban, masu kwaɓi daban, masu hawa daban.

Mu ma ba mu rasa wannan hali ba, mun dai san inda muke kai shi. Dubi rumbu. Ba magidancin da zai bar rufewarsa ta shiga damina da tsohon shibci. Gamba ta yi wuya, amma zai nemo ta ko daga ina, ya kira mutum shida a ɗaga hular a ɗora, ya zagaya sau uku yana leƙen inda haske ke shiga. Ko tsinke ya tsiro a gindinta sai ya tuge. Uwargida ta daɗe da lura. "Hatsi shina da mai kula da shi," in ji ta, "mu da yara Allah ka kula da mu." Maigida ya ce ai in hatsi ya jiƙe duka gidan ne ya jiƙe. Ta ce gaskiya ne, bana sai ta kwashe kayanta ta koma rumbun.

A kowace unguwa akwai gida ɗaya ko biyu da ba a jin ƙarar tasa cikin dare. Ba su fi kowa kuɗi ba. Su ne waɗanda ke tara ƙasar yaɓe tun kaka, lokacin da tabki ke da ruwa, su kira gayya ta rabin yini kafin samari su watse ko da zarar sun dawo, a dama fura, a raba goro, a gama kafin azahar. Mukan ce sun cika zaƙewa. Cikin Agusta kuma gidansu muke kai buhunanmu ajiya.

Bana ma majalisa ta yanke shawara, kamar bara: da an gama kaka za a yi gayya gida-gida, a fara da na gwauraye da tsofaffi. Kowa ya ce amin, wani har ya yi alkawarin jaki. Aka juya wajen maginin a ji ko zai jagoranta. Ya tauna goronsa ya ce shi ko yaushe aka kira shi zai zo, amma a san farashi tun yanzu: "Na bazara, fura da goro. Na marka, akuya. Ku zaɓa, ni duka biyu ina so."